Kafaɗar da Ke Tsaye Cikin Waya

Damina bakwai ke nan da aka kai baban Hajara makwancinsa a bayan duwatsun Roni. Ni ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya ba; jikata Hajara ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Baban nata ɗana ne na fari, don haka ku yi mini uzuri, sunansa ba zai fito daga bakina ba. Haka aka rene mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a tsura masa ido, ba a yabonsa a gaban mutane.

A birni ya yi rayuwarsa, yana ɗaukar wa masu hali jakar sanduna a filin ƙwallon da suke kira golf. Nauyin jakar nan shi ya karkatar masa da kafaɗar hagu, har in ya taho daga tashar mota kan babur, tun daga nesa kafaɗar nake fara ganewa. Da ciwon hanta ya kwantar da shi ya dawo gida, sai ya koma buga wasan a cikin waya, shi da waɗansu abokai na ƙasashe masu nisa da bai taɓa haɗa ido da su ba. A can kowa na iya shimfiɗa filinsa, ya dasa itatuwa, ya haƙa tafki. Shi kuwa jefa ƙwallo a rami bai dame shi ba kamar farautar abin da masu filin suka ɓoye: benci mai sunan matar wani da ta rasu, dutse da aka kafa don tunawa da wani malami, mutum-mutumin wani tsoho a bayan kurmi. In ya gano ɗaya sai ya miƙo mini wayar.

“Inna, dubi wannan, kowa ya wuce bai gan shi ba.”

“Kawar mini da gumakan nan,” in ce masa. Sai ya yi dariya har tari ya kama shi.

Mu nan in mutum ya tafi, fasasshiyar tukunya ake kifawa a kan kabari, ruwa ya yi ta duka har wuri ya baje. Ba suna, ba alama. Da hakan hankalina ya kwanta shekara da shekaru.

Ana nan ana nan, Hajara ta girma, ta shiga makaranta a Kazaure, ta gaji wasan da farautar duka. Bara da kaka ta zo hutu, ta zauna kusa da ni ina ɓarar gyaɗa, ta sa mini waya a gaba. Ga ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma, ga tafki, ga kuma wani mutum na dutse tsaye a bakin ruwa, da hula irin tamu, da jaka a baya. Kafaɗar hagu a karkace. Abokan nan nasa ne suka kafa shi, suka rubuta sunansa a gindi.

Tun ranar ban sake cin tuwo da daɗin rai ba. Gunki, da sunan ɗana, a wurin da ruwa ba ya zuba balle ya wanke shi, kuma baƙi daga ko'ina suna tsayawa suna karanta sunan da ni uwarsa ban taɓa furtawa ba. Na aika a tambayar mini limamin unguwa. Ya ce abin da mamaci bai sa aka yi ba, ba shi za a tambaya ba. Na ji, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi gudu. Ba baban Hajara ne da kansa ya riƙa yabon irin waɗannan abubuwa ba? In da yana raye, dariya zai yi ko kuwa cewa zai yi a rushe? Na juya tambayar nan har ta gaji da ni.

Ga kuma abin da ya fi ba ni tsoro. Duk sanda Hajara ta zo, ni ce ke cewa ta buɗe mini. Ina zama ina kallon dutsen nan irin kallon da ban taɓa yi wa mai kafaɗar ba yana da rai.

Na sa ta rubuta wa mai filin, ta yi masa godiya, ta roƙe shi ya ɗauke mutumin dutsen ya dasa tsamiya, ya ajiye randa a gindinta, irin wadda muke ajiyewa a bakin hanya don matafiya. Mutumin kirki ne. Ya ce ya yarda, kalma ɗaya yake jira daga gare mu. Sai Hajara ta riƙe kalmar.

“Iya, ke kin san fuskarsa,” ta ce. “Ni daga sallah sai sallah nake ganinsa. Kuma ko sau ɗaya ba ki taɓa ba ni labarinsa ba.”

Gaskiya ɗaci gare ta. Kunyar da ta hana ni kiran sunansa ita ta bar marainiya tana neman ubanta a bakin tafkin da ba shi da ruwa.

Mun yi ciniki ni da ita. Randa ta gaske na riga na kafa a ƙofar gida, masu dawowa daga kasuwar Babura suna sha suna yi masa addu'a ba tare da sun san shi ba. Ranar Juma'a za ta aika da kalmar. Ni kuma zan zaunar da ita in ba ta ubanta da baki, tun daga goyo: yadda ya ƙi nono, yadda yake tsoron tinkiya, yadda ya fara aiko mini da sabulu. Abin da ya rage nasa ke nan, kuma a cikin kan tsohuwa yake, kan da ya fara mance inda aka ajiye carbi. Dutsen can ba ya mantuwa. Ni ina yi. Ku taya ni addu'a harshena ya saku kafin a ɗauke kafaɗar nan. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.