Ranar da Na Goge Kwamfutar Alhaji Ɗanlami

Shekara goma sha shida ke nan ina gyaran kwamfuta, na manta yawan waɗanda suka bi ta hannuna, amma ranar da Alhaji Ɗanlami ya kawo tasa har yau ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna dariyar yadda nake zaunar da mai kaya in yi ta yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda kafin in ɗauki ko sukudireba. To, ga inda abin ya samo asali.

Lokacin ina shekara ta uku a shagon maigidana Malam Sule, nan bakin Zongo a Lome. Shi ne patron, wato mai shagon, ni ke bi masa, duk aikin da ya shafi manhaja ni ake miƙa wa. A lokacin kuwa Linux ta tafi da hankalina. Ga wanda bai sani ba, Windows da Linux kowacce babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta. Windows ta kamfani ce, a rufe take, ba ka ganin yadda aka gina ta. Linux a buɗe take, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wani kyauta. Duk Asabar muna haɗuwa da 'yan'uwana masu wannan ra'ayi a unguwar Tokoin, muna yi wa masu Windows kallon waɗanda ba su waye ba. Ko wurin suna aka zaunar da ni sai na jawo zancen.

Alhaji Ɗanlami tsohon mahauci ne, aminin mahaifina. Wata Laraba da hantsi zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke shi a ƙofar shago, yana rungume da kwamfutarsa nannaɗe cikin darduma.

Ya ce, "Ɗana Bashir, ga 'yar tsohuwar nan, ta fi ni nauyin jiki. Kafin ta buɗe na gama shan shayi."

Na ce, "Baba, ciwonta ɗaya ne, Windows. Bari in sa maka Linux, za ka ga tana gudu kamar sabuwa."

"Kai ka san aikinka. Ni dai kada rubutuna ya taɓu."

"Pas de problème, Baba, ba matsala. Ba abin da zai same shi."

Ƙa'idar shagonmu kafin a goge kwamfuta abu biyu ce. Na farko, a sa mai ita ya nuna da hannunsa abin da yake yi da ita. Na biyu, a kwafe faifan ajiyar da ke cikinta gaba ɗaya, da manhajoji da komai, a ajiye a wani faifai, don in an samu matsala a mayar da ita yadda take. Ban yi ko ɗaya ba. Na farkon na ce wa kaina kunya ce, ina ni ina tsare aminin mahaifina da tambayoyi? Amma gaskiya har da raini. Na ɗauka tsohon mahauci iyakarsa sauraron karatu da kallon hotunan jikoki. Na biyun kuma yana cin awa uku, ni kuwa so nake ya dawo da la'asar in burge shi. Sai na kwafe fayilolinsa kawai, guda arba'in da 'yan kai, na goge sauran, na ɗora Linux.

Da la'asar ya dawo. Na danna, nan take ta buɗe. Ya yi murmushi ya sa mini albarka, sannan ya ce, "To, buɗe mini littafin." Na danna fayil na farko, sai ga wasu alamomi birjik kamar sawun kaji. Na biyu haka, na goma haka.

A nan na fara jin abin da ya kamata in tambaya tun da safe. Littafin tarihin zuriyarsu ne, tun daga kakansa da ya baro Katsina da fataucin shanu har ya zauna a Lome: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, ina aka binne kowa. Yayarsa Hajiya Asabe ce take faɗa yana bugawa da ajami, shekara shida suna yi, ita kuwa ta rasu shekara guda kafin wannan rana. Takardun da ya fara rubutawa ambaliya ta lalata su. Yana bugawa ne da wata 'yar manhajar ajami ta wani ƙaramin kamfani, wadda take adana rubutu ta hanyar da ita kaɗai ke iya karantawa. Ita ce na goge.

Sati biyu ina fama. Na mayar da Windows, na samo manhajar da ƙyar, amma ta ƙi aiki sai ta tuntuɓi kamfaninta ta intanet, kamfanin kuwa ya daɗe da rufewa. Abokaina na Tokoin suka yi iya yinsu, ba mu tsinto komai ba sai 'yan kalmomi a warwatse. Abin da ya fi cin raina shi ne da na tambayi Alhaji tun da safen, awa ɗaya ta isa in buɗe fayilolin a tsohuwar manhajar in buga su a takarda.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce wa Malam Sule, "Patron, ai abin da nake faɗa kullum ke nan. Da manhajar a buɗe take, da tuni mun karanta."

Ya dube ni ya ce, "Gaskiyarka, Bashir. Amma ran Talata littafin yana buɗewa, ran Laraba ya daina. A tsakani ba kamfanin ne ya taɓa shi ba."

Na je gida na sami Alhaji, na durƙusa na faɗa masa. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Amma ya ce, "Haka Allah ya so. Tashi." Sai ya ƙara da cewa, "Sunayen maza zan iya tunowa. Na matan ne, Yaya kaɗai ta san su."

Daga nan duk Juma'a bayan masallaci nake zuwa, yana faɗa ina bugawa, wannan karon a tsarin da kowace kwamfuta za ta karanta, kuma kowane shafi sai na fitar da shi a takarda. Mazan mun same su kusan duka. In muka zo kan mace, sai ya rufe ido ya daɗe yana motsa baki, sannan ya ce, "Sa wance." Wata bakwai muka yi kafin ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Har gobe Linux nake amfani da ita, kuma ban canja ra'ayi ba, rubutun mutum bai kamata ya zauna a kulle a hannun kamfani ba. Amma kwamfutar da aka kawo maka ba wurin gwada ra'ayinka ba ce. Dattijon Zongo in ya ce kai ka san aikinka, ba zai ƙara ko kalma ba, sai ka ajiye kunya ka tambaye shi. Littafin yana hannun 'ya'yansa yanzu. Akwai "wance" talatin da ɗaya a ciki, har da matar da ta haifi mahaifinsa, kuma dukansu da yatsuna na buga su.