Nasarar da na ba Baba Harold bai nema ba

Har gobe ban manta da ranar Talatar da na kusa raba wani tsoho da gidansa saboda tsabar kirki ba. Ku da kuka shigo aikin kula da tsofaffi kwanan nan ku buɗe kunne, don na lura wasunku ma suna da irin ciwon da nake da shi a lokacin.

Ina shekara ta huɗu ke nan a aikin. Ga wanda bai sani ba, kamfani ne zai tura ki gidan tsoho, nas mai duba aikinmu ta rubuta abin da za a riƙa yi masa, a manna takardar a jikin firji. Wanka, abinci, magani, awon jini. Kullum kafin ki tashi ki rubuta rahoto. Lokaci-lokaci nas ɗin ta zo da kanta ta ga ko tsohon zai iya ci gaba da zama a gidansa, ko kuwa a kai shi gidan tsofaffi. Tamu sunanta Anti Memuna, 'yar Zangon Kumasi, ga faɗa ga adalci.

Daga unguwarmu Park Hill nake tasowa, in hau bas, in hau jirgin ruwa, in shiga jirgin ƙasa har unguwar Bronx, gidan Mista Harold. Ya haura tamanin da biyar, idonsa ya mutu sai dishi-dishi, kuma yakan manta inda ya ajiye makulli. Baba nake ce masa. Da farko ya ce ba sunansa ba ne, daga baya in na ce Mista ma ba ya amsawa.

Layin ƙarshe a takardar firjinsa ya ba ni dariya: bayan abincin rana a karanta masa shafi ɗaya daga littafinsa. Wani tsohon littafin rubutu ne da ya cika da hannunsa yana saurayi, a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin. Kakar wasan besbol ce guda ta ƙungiyar da yake so, kowane wasa da shafinsa: wa ya jefa, wa ya buga, a ƙasa kuma wa ya ci. Besbol ɗin nan, wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga a guje, saura su tsaya suna kallo. Iyakar abin da na gane ke nan har yau. Ƙungiyar ma ta tattara ta bar garin tun kafin a haifi uwata, amma Baba bai daina cewa "mu" ba.

Watannin farko lafiya lau, don mutanensa ci suke yi. Sai muka shiga shafukan da suka fara shan kashi. Ranar da na karanta an cinye su, sai ya daki hannun kujera, ya zazzage wa mai jefa ƙwallon zagi, mutumin da na tabbata ya daɗe a kabari. In na ɗaura masa na'urar awo, jini ya hau. Wata rana yana barci na leƙa ƙarshen littafin, na ga abin sai gaba yake yi. Sun yi ta jan gaba duk kakar, a ƙarshe suka zubar da komai.

To mu an tashe mu a kan ba a kai wa majinyaci mugun labari. Mutum yana numfashi da ƙyar, ki ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ko rasuwa ce sai an yi ta kewaye-kewaye kafin a faɗa. Na ce a raina, tsoho mai hawan jini, a kan wasan da aka gama shekara saba'in, me zai sa in riƙa ɗora masa baƙin ciki a kan abincin rana? Washegari na karanta shafin tsaf yadda yake, da na zo ƙasa sai na juya sakamakon.

Ya ɗago kai. "Mun ci?"

Na ce, "Kun ci, Baba."

Babu zagi, babu dukan kujera, jini ya sauka. Ni kuwa na ji kaina wata likita. Sati uku ina ba ƙungiyar nan nasarar da ko a mafarki ba ta samu ba, kullum kuma in rubuta a rahoto cewa ya samu natsuwa. Har Anti Memuna ta kira ni a waya ta yaba mini. Na lura ya rage cin abinci, ya rage magana, amma na ce tsufa ne.

Ranar Talatar ina shiga na tarar da Anti Memuna da Suzan, 'yar Baba, a falo, ga takardu a kan tebur. Ba ranar zuwan nas ba ce. Suzan idonta ya yi ja. Ta ce mini babanta da kansa ya kira ta ya ce a kai shi gidan tsofaffi, mutumin da shekara biyu yana cewa gawarsa ce kawai za ta fita daga gidan nan.

Anti Memuna ta tambayi Baba dalili, kamar yadda doka ta ce, kafin a sa hannu. Ya ce, "Makulli in na manta ban damu ba, kowa yana mantawa. Amma kakar wasan nan, a da zan iya rantsewa a kanta. Har yau ina ganin babana ranar da aka cinye mu, ya kashe rediyo ya ƙi cin abinci, ina ganin rigar da ke jikinsa. Ga shi littafin da na rubuta da hannuna yana cewa mu muka ci ranar. Sati uku ina jin abin da ban taɓa sani ba. In wannan ya tafi, ban san me ya rage a kaina da zan amince da shi ba. Kada wata rana in bar wuta a kunne in ƙone maƙwabta."

In na yi shiru babu mai sani, don littafin babu mai buɗe shi sai ni. In na yi magana kuma, ƙarya ga wanda kike kula da shi laifi ne da ake kora a kansa. Suzan ta riga ta ɗauki biro.

Na ce, "Baba, kanka lafiya yake. Ni ce nake juya maka sakamakon."

Baba ya juyo inda yake jin muryata. "Ranar da babana ya kashe rediyo, cinye mu aka yi?"

"Cinye ku aka yi."

"Washegari fa?"

"Nan ma."

Ya fara jero wasannin ɗaya bayan ɗaya, ina duba littafin ina cewa haka ne, an cinye ku. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ban taɓa ganin mutum yana murnar shan kashi haka ba, yana dariya hawaye na zuba. Da ya gama sai ya fuskance ni, ya yi mini zagin da ya saba yi wa mai jefa ƙwallon. Na karɓa hannu bibbiyu.

Anti Memuna ta ja ni waje bakin lif ɗin hawa bene, ta koma Hausarta ta Kumasi. "Rabi, abin nan da kin yi ba shi da kyau koraa, ko kaɗan. Wa ya aike ki? In firesha ɗinsa, jinin nan, ya hau, ki yi rifot, mu san yadda za mu yi. Ba ki je ki gyara mishi rayuwa ba." Na ce tausayi ne. Ta ce, "Tausayin naki saura kaɗan ya kore shi daga gida."

An ba ni takardar gargaɗi, tana nan a fayil ɗina. Baba ne ya hana a canja ni, wai gara maƙaryaciyar da ya riga ya kama. Muka koma baya muka sake sati ukun nan daga farko, ya sha kashinsa cikakke, ya daki kujera son ransa. Ranar shafin ƙarshe ya yi kuka sosai, sannan ya cinye abincinsa tas ya nemi ƙari. Ya zauna a gidansa har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, a aikin nan za ku riƙa shiga gidan mutanen da kusan komai ya kuɓuce musu, ido, ƙafa, abokai. Ɗan abin da ya saura suna riƙe da shi da ƙarfi, kuma sau da yawa ba mai daɗi ba ne. Ku share ɗaki, ku wanke kwano, ku canja zanen gado. Baƙin cikin tsoho kuwa in kun tarar da shi a ajiye, ku bar masa kayansa inda ya sa shi, don da shi yake gane cewa har yanzu shi ne.