Hajiya Damata da Rakiyar Likita

A ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1997, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Damata Maharazu a nan Landan, bayan gajeriyar jinya. Shi Ya ba mu ita, Shi kuma Ya ɗauke abinSa. Washegari aka yi mata salla a masallacin Whitechapel.

A wurin zaman makoki na ji wata baƙuwa tana tambaya a hankali, yaya aka yi marigayiya tana da katin nan ruwan goro na masu naƙasa a gilashin motarta, alhali an ce kullum tana fita aiki. Ban ga laifinta ba, don da yawa cikinmu haka muka ɗauka: ko dai mutum yana aiki, ko yana karɓar taimakon masu naƙasa, abu biyun ba sa haɗuwa. Hajiya Damata, kin shafe shekaru kina warware mana wannan ruɗani, gida-gida, ba tare da kin taɓa ƙosawa ba.

Shan inna ta taɓa ƙafarki ta hagu tun kina yarinya a Zariya. Da sanda kika yi makaranta, da sanda kika biyo maigidanki Malam Maharazu zuwa ƙasar nan, kika sami aikin haɗa waya a wani kamfanin inshora. Ni a makarantar Asabar ta unguwar Edmonton na san ki, inda nake koya wa yaranmu karatu da Hausa. Ke ce mai kwaso mini su a ƙaramar motarki. In suka amsa miki da Turanci sai ki ce ke ranar Asabar ba kya jin Turanci, kin ƙarar da shi a waya tun ranar Juma'a. Da yawansu a bayan motarki suka fara haɗa gaisuwa cikakkiya.

Cikin iyayen yaran akwai Katumi, 'yar zangon Kumasi, mai ɗinkin rigunan fata a wata ƙaramar masana'anta bayan kasuwar Whitechapel. Da wannan keken ɗinki take riƙe da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. A shekarar 1989 ciwon ƙugu ya sa ta a gaba. Ɗinkin bai gagare ta ba, don a zaune ake yi. Tafiyar da ke tsakanin inda take samun wurin ajiye mota da ƙofar masana'antar ita ce matsalar. Sai ta tsaya ta dafa bango, ta huta, ta sake tsayawa, kullum a makare take isa. Mai wurin ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce mata in abin bai gyaru ba zai ba wani keken.

Da kika ba ta shawarar ta nemi kuɗin taimakon zirga-zirga da katin ajiye mota, sai ta ƙi. Ta ce ita ba ta zo Landan bara ba, kuma ta ji an ce duk wanda ya shiga benefit, wato tallafin gwamnati, sai ya ajiye aiki. Ke da kike karɓar wannan taimakon, kika tambaye ta ko ta taɓa ganinki kina bara, ko kuwa ta ga ranar da kika fasa fita. Kika yi mata bayani cewa wannan taimakon ba ruwansa da albashi, ƙafa ake dubawa, kuma an yi shi ne don irinku ku iya fita nema. Da ƙyar ta yarda aka tura takarda, aka sa ranar da likita zai zo gida ya duba tafiyarta.

Abin da ya faru ranar, babu Bahaushiyar da za ta ji ta ce baƙon abu ne. Katumi ta share gidanta da ke saman bene tas, ta dafa shinkafa da wake, ta ɗaura zaninta na fita biki. Likita ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, an gode Allah. Ya tambayi ko tana jin zafi, ta ce ɗan kaɗan. Da ya tashi tafiya kuwa, sai ta miƙe ta raka shi. Ta sauko bene da shi, ta bi shi har ƙarshen layi inda ya ajiye mota, tana murmushi, tana ɗaga masa hannu. Da ta juyo, a kan matakala ta zauna, sai da maƙwabta suka kama ta zuwa ɗaki. Ta kwanta kwana da kwanaki ba ta je aiki ba. Amsa ta zo cewa an ga tana tafiya lafiya lau, ba ta cancanta ba.

Ina wurin ranar da ta ba ki labari. Kika yi dariya har da hawaye, ita kuma ta ɓata rai.

"To Hajiya, baƙo ya zo gidana, ba zan raka shi ba? Ya je ya ce ba ni da tarbiyya?"

"Ai ga shi ya je ya ce kina da ƙafa," in ji ki.

Daga nan kika daina dariya. Kika ce mata kunya da godiyar Allah ado ne a gare mu, amma likitan bai san al'adarmu ba, abin da idonsa ya gani shi ya rubuta, kuma bai yi ƙarya ba. Faɗa wa mai magani inda yake ciwo ba ƙorafi ba ne a kan hukuncin Ubangiji. Kika gargaɗe ta kada ta ƙara ko ɗigo a kan abin da take ji, don ba kya son haram, amma kada kuma ta rage.

Kika taimaka mata ta nemi a sake dubawa, aka turo wani likitan. Ranar kika ɗauki hutu a wurin aikinki, kika hau benen nan da sandarki kika zauna kusa da ita. Kika bayyana wa likitan yadda muke yi da baƙo, Katumi kuma ta faɗi da bakinta abin da rakiyar farko ta jawo mata. Ya sa ta yi tafiya a baranda, ta tsaya daidai inda ciwon ya tsayar da ita. Da ya rufe jakarsa, sai hannuwanta suka kama hannun kujera za ta miƙe. Kika gitta sandarki a gabanta.

"Zauna, Katumi. Baƙonki baƙona ne."

Ke kika raka shi har mota, ɗaya bayan ɗaya kina sauka matakala, don kada a ce baƙo ya fita gidan ba rakiya.

An ba ta taimakon, council, wato ƙaramar hukuma, kuma ta ba ta katin. Ta koma ajiye mota kusa da ƙofa, makara ta ƙare. Har yau tana wannan masana'anta, yanzu ita ke koya wa sababbin zuwa yadda ake haɗa hannun riga. Bayanta kin zauna da mutane da dama, direbobi da masu shara da masu gadi, kuma ba ki taɓa ba da labarin ciwon wani a wurin wani ba. Na Katumi ma sai da na nemi izininta kafin na rubuta.

Allah Ya jiƙanki, Hajiya Damata, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Maharazu, da 'ya'yanki Asma'u da Muniru, da 'yan'uwa na Zariya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayanta.

Mai karatu, in kana aiki cikin ciwon da kake ɓoyewa, ko mahaifiyarka ce take dafa bango a hanya, ku gwada nema, kuma ku faɗi gaskiyar jikin yadda take. In kuna jin nauyin zuwa ku kaɗai, ku same mu a makaranta ranar Asabar. Katumi ta ce duk mai son zuwa ofishin council za ta kai shi a motarta, kuma a bakin ƙofa za ta sauke shi.