A Duba Ɗinki

Ni tela ne. Daga Damagaram na zo Arlit da matata da keken ɗinkina, lokacin da kamfanin ma'adini ke ɗibar ma'aikata, kowa na son sabuwar riga a ƙarshen wata. A nan aka haifa mini ɗan fari. Ba zan faɗi sunansa ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Haka ubana ya yi da ni, haka ni ma na yi. "Kai" nake ce masa, in kuma da uwarsa nake magana sai in ce "yaron nan".

Bayan da ƴan bindiga suka shigo gari suka kwashi Turawan kamfani, sai aka kawo sojojin Turawa. Ba mu suka zo tsaro ba, wannan ko jariri ya sani. Ramin ma'adini suka zo gadi. Wani lokaci da hantsi jirgi kan ratsa ta bayan gari, wajen hanyar Imouraren, ya zubo su don atisaye. Ƴan para ake ce musu, sojojin laima. Ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a sama, can sai kowane ya buɗe, su yi ta saukowa a hankali. Yaron nan a lokacin ya gama lakwal, wato makarantar boko, ba aiki, yana yi mini guga a shago. Ranar da ya fara ganinsu ya fita bakin ƙofa ya saki baki, ya bar dutsen guga a kan shaddar mutane har ta ƙone. Na zage shi tas, bai ma ji ni ba.

A Arlit ba a yar da komai. Ƙarfen da kamfani ya zubar shi ne ƙofofinmu da tukwanenmu, duk da ana cewa yana da guba. Saboda haka ban yi mamaki ba da wani Ba'abzine makiyayi ya sauke mini ƙunshi daga kan jaki, ya ce a kan ƙaya ya tsince shi. Laima ce ta ƴan para, ta yage, sun bar ta. Na ɗinka masa wanduna, ya bar mini ita. Na baje ta, na bi duk inda ƙaya ta ci na ɗinke, ta zama rumfar unguwarmu. Suna, ɗaurin aure, zaman makoki, ita ake kafawa.

Amma ni da na riƙe yadin nan a hannuna, wallahi sai na yi ta juya shi. Ba kauri, kamar ɓawon albasa. In ƙaya ta buɗe masa baki kaɗan, da yatsa biyu sai ka keta shi har ƙasa. Na ce, "Yanzu a jikin wannan abu mutum mai hankali zai rataya ransa?" Yaron nan yana tsugune yana shafa igiyoyin.

Aikin da aka yi ta yi mana alkawari a sabon ramin ma'adini na Imouraren bai zo ba. Sa'o'insa suka watse, wasu suka tafi haƙar zinariya Tchibarakaten, wasu suka bi motocin Libiya. Shi ya shiga soja. Ba ni ya faɗa wa ba, uwarsa ya faɗa wa, ita ta kawo mini maganar tare da tuwo. Me uban ɗan fari zai ce? Na ce, "Allah ya sa alheri." Da ya zo hutu da jar hula a kansa, irin ta ƴan para, na san wace ƙungiya ya zaɓa.

Tun daga nan ban sake jin ƙarar jirgi hankalina a kwance ba. In ina ɗinki zare ya tsinke, sai in tsaya ina tunanin laimarsa. Ni na san ɗinki. Na san yadda mai gaggawa ke tsallake wuri, na san yadda zare ke ruɓewa a ajiye ba wanda ya lura. Tsoro ya hana ni sakat, kuma ba ni da bakin faɗa.

In ya kira salula, da uwarsa yake hira, sai can ta miƙo mini.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya. A duba ɗinki."

Sai ya yi dariya. "Baba, ba mu ke naɗe laimar ba, akwai masu naɗi."

"Ko uban wa ya naɗe, a duba!"

Iyakar hirarmu ke nan, shekara da shekaru. Duk abin da ke raina a cikin kalmomin nan uku nake cusa shi, ban sani ba ko ya gane.

Aka wayi gari sojojin Turawa sun tattara sun tafi. Aikin rami ya ja baya, manyan motoci suka tsaya, gidaje suka fara zama kango. Wanda ba ya cin abinci sau biyu ba ya ɗinka riga. A cikin wannan hali ne ya kira daga can yamma, wajen iyaka, na ce masa a duba ɗinki, sai ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Rabona da jirgi tun wajen horo. Yaƙin yanzu ba na laima ba ne. Ƴan bindigar nan a kan babura suke, kafin ka sauko sun ɓace cikin daji. Hular ce kawai ta rage mana, a mota muke yawo."

Kai! Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Duk da babun da ake ciki na nemo akuya na yanka, aka raba wa maƙwabta. Suka ce, "Malam, sadakar me?" Na ce hakanan. Uwarsa ce kaɗai ba ta yi murna ba. Tana wanke hanji ta ce, "Malam, mota fa a ƙasa take tafiya, su ma mutanen a ƙasa suke." Na daka mata tsawa, na ce ke me kika sani, ni na taɓa yadin nan da hannuna. Na daina kallon sama. Har ƙiba na yi.

Da la'asar suka zo, soja biyu daga bariki, ina kan keke. Babban cikinsu ya cire hula, ya tambaya ko ni ne mahaifin wane, ya faɗi sunan ɗana cikakke a cikin shagona, inda ni ban taɓa faɗinsa ba. Motar da yaron nan ke ciki ce ta taka nakiyar da aka binne a hanya. An riga an yi musu sutura a can, shi da abokansa, a wani gari da ban taɓa zuwa ba. Ban ga gawa ba, ban ɗauki makara ba, ban zuba ƙasa ba.

Kafin in isa gida maƙwabta sun fito da rumfar unguwa sun kafa a ƙofata. Ba su yi da wata manufa ba, ita ake kafa wa kowa. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakiya. Mutane na zuwa, "Ya haƙuri, Malam? Allah ya jiƙansa." Ina cewa amin. Uban ɗan fari ba ya kuka a gaban jama'a, don haka in idona ya cika sai in ɗaga kai, in na ɗaga kai kuma laimar nake gani, rana na ratsa ta, igiyoyinta na lilo.

Bayan sadakar uku aka watse. Samari suka zo za su naɗe rumfar, na ce su bari. Na shimfiɗa ta a tsakar gida, na durƙusa, na bi ta da yatsa daga baki har tsakiya, ɗinkin Turawa da nawa, layi bayan layi. Na duba, kamar yadda na yi ta cewa a duba. Ko zare ɗaya bai tsinke ba.

A nan durƙushe na kira sunansa, sau ɗaya, da ƙarfi. Uwarsa ta fito daga ɗaki a guje, ta ɗauka wani baƙo ne ya zo nemansa, don ba ta taɓa jin sunan da muryata ba.