Kwalekwalen Munkaila a Cikin Kwantena

Munkaila ɗan gwaggona ne, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya zauna ya gama shan shayi ba. A Yawuri aka haife shi, bakin kogin Neja. Gwaggo tana cewa ya iya tuƙa kwalekwale kafin ya iya ɗaure wando, ni kuwa na ce har yau wandon bai gama iyawa ba. Shekararsa tara a Guangzhou ta ƙasar Sin yana yi wa 'yan kasuwa lodin kaya. Ofishinsa a ginin Tianxiu kujera biyu ne, kuma duk biyun ni nake zama a kai.

Ba gida yake kewa ba, ruwa yake kewa. Wata Lahadi ya shiga mota har ƙarshen layi, can wani ƙauye mai rafuka a Nansha, ya tarar da wani tsoho, Lao Feng, yana kwashe ruwa daga ƙaramin kwalekwale mai inji. Munkaila bai iya Sinancin kirki ba, sai ya tuɓe takalmi ya karɓi bokitin. Bayan wata biyu ya sayi rabin kwalekwalen. Takardu da sunan tsohon, wahala da sunan Munkaila.

To, takardun ne suka zama masifa. Shekarar farko kuɗin sabuntawa bai kai na abincin mako ba. Ta biyu aka ce sai an duba jiki, sai rigunan ruwa, sai kuɗin wurin ɗaurewa. Ta uku aka ce injin yana hayaƙi. Da Munkaila ya nuna mini jimillar ta bana, na rantse masa da wannan kuɗin zan saya masa kogin gaba ɗaya har da kifayen. 'Yar Lao Feng ta ce ita ta gaji, in ƙarshen wata ya yi ba a biya ba, masu sayen tarkace za su zo su farfasa shi.

Munkaila ya daina barci, ya daina cin abinci a zaune, wanda dama ba ya yi. Ya auna titin Huanshi da ƙafa har masu shaguna suka fara gaishe shi sau shida a rana. Sai dabara ta zo masa. Lokacin baje kolin Pazhou ne, alhazan Kano sun cika gari. Takardar kwalekwalen ba ta ɗaukar fasinja don kuɗi ba ce, amma ai ba a hana mutum kyauta ba. Zai kai babban mai ba shi aiki, Alhaji Dogara mai takalma, yawon ruwa, in ya ji daɗi ya buɗe aljihu.

Na gaya masa Bakano da ruwa sai a buta. Bai ji ba.

Ranar yawon har da ni aka je. Alhaji ya shiga da riguna biyu na ruwa, ɗaya a kan ɗaya. Da injin ya tashi ya kama ƙafata, har yau wurin yana mini ciwo in hadari ya taso. Bai kalli gonakin ayaba da gadojin da Munkaila yake nuna masa ba. Amma da tsoron ya ɗan lafa, sai na ga yana auna katakon da tafin hannu, yana tambayar tsawo da faɗi. Munkaila ya ga ƙofa ta buɗe, ya zayyana masa maganar takardu.

"Munkaila, takardar ta fi jirgin tsada," in ji Alhaji. "Bana na biya, baɗi fa?"

Munkaila ya ce baɗi Allah na nan.

"Allah na nan a Yawuri ma. Ina da kwantena mai ƙafa arba'in da ba ta cika ba. Zan kai maka shi har gida, amma cikinsa na kayana ne. Kwali nawa zai ci?"

Kwana uku Munkaila yana zarya tsakanin Nansha da Tianxiu. Ya roƙi 'yar tsohon ta ƙara masa wata ɗaya, ta ce "meyo", wato babu. Lao Feng kuwa da ya fahimci ba za a farfasa ba, sai ya yafe rabinsa, ya ce a aiko masa da hoton kogin da za a sa shi.

Munkaila da hannunsa ya yi lodin. Ya cire injin ya naɗe shi a bargonsa na kwana, ya jera kwalayen silifas ɗari da goma sha ɗaya a cikin kwalekwalen, bai bar wurin da ɓera zai juya ba. Alhaji ya ce bai taɓa ganin lodi mai kyau irin wannan ba. 

Yanzu kwantenar tana kan teku. Ma'azu ƙanin Munkaila ne zai karɓa a Yawuri, kuma kullum Munkaila yana kiransa sau huɗu yana koya masa yadda ake tayar da injin da bai ko gani ba. Jiya Ma'azu ya kashe wayarsa. Munkaila ya ce in ara masa tawa.