Sunan Ɗana a Takardar Filin Tirwun

Ko tsufa zai kwashe min komai, ranar da na soke sunan ɗana da hannuna ba za ta fita daga kaina ba.

Ɗan fari ne, don haka tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" nake cewa, har ya fara furfura a Amurka. Can ya yi karatu, ya yi aure, ya zama ɗan ƙasa. Ni kuwa ina unguwar Wunti ni kaɗai tun rasuwar babansa, ƙannensa mata duk suna ɗakunansu. Kaɗaici ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da tsufana. Da na iya haɗa baƙaƙe, sunansa na fara rubutawa. Ashe hannu ba ya jin kunyar da baki yake ji.

Da aka raba gado, filin babansa da ke Tirwun ya faɗo a rabonsa. Baffansa ya ce a jira ya zo, na ce ba za a jira ba. Na je gaban mai unguwa na rubuta sunansa a takarda da kaina, ban gaya masa ba. A lissafina, mai fili a garinsu dole wata rana ya dawo. Sai ranar Sallah na tura masa hoton takardar, ina jiran godiya.

Nan take ya kira, murya a sanyaye. Ashe aikin tsaro yake nema a gwamnatinsu, irin wanda sai an tantance mutum: su wa yake da su a waje, sau nawa suke waya, yana da gida ko gona a wata ƙasa. Ya riga ya cika takardu cewa ba shi da fili ko taku ɗaya.

"Inna, yanzu za su ga kamar ɓoyewa na yi."

"Tirwun ɗin ce wata ƙasa?"

"A wurinsu, e. Ke ma a takardar baƙuwa ce, Inna."

Bai ce in soke ba. Da ya faɗa, da na zage shi na huta. Cewa ya yi zai gaya musu gaskiya, amma aikin yana iya kuɓucewa, ga yara uku.

Sati biyu ban yi wa kowa zancen ba. Rannan na hau a-daidaita-sahu zuwa Tirwun, na tsaya a filin ina kallon inda na tsara za a yi masa ɗaki. Daga nan na kira shi na ce ya aiko da takardar kyautar filin ga ƙannensa. Ya ce, "Inna, ki yafe min." Na ce ya bar surutu.

Da takardar ta iso na koma gaban mai unguwa. Ya miƙa wa magatakardansa biro ya soke sunan, na karɓe. Na ce hannun da ya rubuta shi zai soke.

Ya samu aikin. Yanzu ranar Juma'a yake kira, a gaggauce, ban san ma me yake yi ba. Bai zo ba har yau.

Abin da na koya, ɗa ba akuya ba ne da za ki kafa masa turke. Na ce kyauta na yi masa, alhali ɗaure shi na so yi, ban ko tambaye shi ba. Sunan dai ina nan ina rubutawa a bayan littafina na aji, inda babu gwamnatin da za ta tambaya.