Direban Yara da Karen Ruwa

Kawuna ya tsufa yana tuƙa motar wata makarantar firamare, har sunansa ya ɓace, kowa sai dai ya ce Direban Yara. Duk ƙarshen zango shi ke kai ɗalibai gidan namun daji, amma bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Dokar makaranta ce direba ya zauna da mota saboda jakunkunan yara. Sai ya sami inuwa ya faka, ya goge gilashi, ya kishingiɗa.

A bakin yara yake ganin dabbobin, in sun kamo hanyar gida. Wannan ya yi gurnanin zaki, waccan ta miƙe wuya wai ita raƙumin dawa ce. Karen ruwa ne ya fi tsaya masa a rai, don kullum sai an yi musu a kansa. Wasu su ce sun gan shi yana cin kifi da hannu kamar mutum, wasu su rantse babu komai a tafkin sai ganye.

Daga baya yanar ido ta rufe masa gani. Da kansa ya miƙa makullin mota, ya ce ba zai yi ganganci da 'ya'yan mutane ba. Ya koma gida ya zauna, har matarsa, wadda muke kira Inna, sai da murya yake gane ta. Da ƙyar muka shawo kansa aka yi masa aiki. Ran da likita ta cire bandeji, ta tambaye shi me yake so ya fara gani.

Ya ce, "Karen ruwa."

Inna ta ce, "Au, ni da na sha wahalar jinyarka, layi zan bi bayan kare?"

Da ido ya warke, na ɗauke su a motata muka je gidan namun dajin. Mai gadin ƙofa ya shaida shi, ya ce, "Baba, yau ina yaran?"

"Yau ni ne yaron."

Mun tarar da zaki yana barci, Kawu ya ce ɗan aji biyu ma ya fi shi gurnani. Raƙumin dawa kuwa ya ɗaga kai yana kallo har hularsa ta faɗi. Amma da muka isa tafkin, tsit. Wata ma'aikaciya ta watsa kifi, ta ce karnukan ruwan suna da kunya, wani lokacin a wuni ba su fito ba. Mutane suka gaji suka watse, Inna ma ta ce ƙafarta ta gaji da tsayuwa.

Kawu ya zauna a benci, ya ce, "Ku je wajen birai. Ni jira ai sana'ata ce."

Inna ta tafi, ni na zauna da shi. Rana ta karkata, har na fara gyangyaɗi, sai na ji ya damƙe min hannu. Wani kai mai gashin baki ya ɓullo daga ruwa, wani ya biyo shi. Na farkon ya hau dutse, ya riƙe kifi da hannu bibbiyu, ya hau ci.

Kawu ya miƙe zumbur. "Da hannu! Wallahi da hannu yake ci! Yaran nan sun yi gaskiya!"

Ihunsa ne ya dawo da mutane a guje, har da Inna tana ɗingishi. Shi kuwa sai nuna musu yake yi, hawaye na zuba, kamar shi ya haifi karnukan ruwan.

Da za mu koma gida, gaba ya shiga ya zauna, tun daga ƙofa yake gyara min tuƙi har muka iso.